Ba Kowace Sata Ce Fashi Ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka domin mu ja hankalin masu fassara labaran kotu da na 'yan sanda daga Turanci. Akwai kalmomin laifi da ake yi wa kuɗin goro, alhali a gaban alƙali tazarar da ke tsakaninsu tana iya cinye sauran rayuwar mutum a kurkuku.

Uku aka fi cakuɗawa: theft, robbery da burglary. Dokar sata ta Ingila ta 1968 ta raba su filla-filla. Theft sata ce zalla, wato ɗauke dukiyar wani ta hanyar rashin gaskiya da niyyar raba shi da ita har abada, kuma hukuncinta ba ya wuce shekara 7. Idan ɓarawon ya yi amfani da ƙarfi, ko ya razana mai kayan a lokacin satar ko daf da ita, ta koma robbery, fashi ke nan, kuma sashe na 8 na dokar ya yarda a yi masa ɗaurin rai da rai. Ba sai da bindiga ba. Wanda ya zare waya daga aljihu cikin cunkoso mai ita bai ankara ba, ɗan sane ne, pickpocket, laifinsa theft. Wanda ya hankaɗe mai wayar ya fizge ta da ƙarfi, ɗan fashi ne ko da hannunsa ba komai.

Burglary kuwa ba ruwanta da ko an ɗauki kaya. Shiga gini ce ba izini da nufin sata, ko ji wa wani mummunan rauni, ko ɓarnata dukiya. Ko ta tagar da aka bari a buɗe ya shiga, ko allura bai ɗauka ba, laifin ya tabbata: hukuncinsa ba ya wuce shekara 14 idan gidan zama ne, 10 idan ba na zama ba ne. Saboda haka idan masu gida sun yi tafiya aka haura aka kwashe kaya, kuskure ne a rubuta "an yi musu fashi". An shiga gidan an yi sata.

Ga wata ƙaramar alama ta nahawu da ke taimakawa: steal tana ɗaukar abin da aka sace, rob tana ɗaukar mutumin ko wurin da aka yi wa. Ana cewa steal money, amma rob a bank.

A ɓangaren kisa ɓarnar ta fi muni. Homicide kalma ce ta gaba ɗaya, mutum ya kashe mutum, har da wanda ya kashe yana kare kansa. Murder kisan ganganci ne, kuma a dokar Ingila niyyar ji wa mutum mummunan rauni ta isa, in dai ya mutu. Hukuncinsa ɗaurin rai da rai ne, alƙali ba shi da zaɓi. Manslaughter kisa ne da aka rasa waccan niyya, kamar na mugun sakaci, ko kuma akwai uzurin da ya rage nauyin laifin, kuma a nan alƙali ke auna hukunci. Wanda ya fassara duka ukun da "kisan gilla" ya ɗora wa mutum abin da ko mai gabatar da ƙara bai ɗora masa ba. Ita ma assault ba kullum take nufin duka ba: ɗaga wa mutum sanda har ya zaci bugu na zuwa ya wadatar, taɓa jikin shi ne battery.

Sai matakan shari'a. Arrested, an kama shi. Charged, an tuhume shi a hukumance. Remanded in custody, an tsare shi zuwa zama na gaba, ba ɗauri ba ne. Convicted, kotu ta same shi da laifi. Sentenced, an yanke masa hukunci. Acquitted, an wanke shi. Kalmar alleged ce aka fi yarwa saboda kanun labari ya yi gajere, sai alleged thief ya wayi gari "ɓarawo" a shafin farko. Fassararsa ita ce "wanda ake zargi da sata", kuma haka sunansa zai zauna har ranar da aka ji convicted daga bakin kotu.

Wassalam,
Wasu masu aikin fassarar shari'a