Marubutan soyayya, kada ku kori mamaci daga cikin labarin

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina rubuto maka daga unguwar Yelwa a Garwa, arewacin Kamaru. Ni tela ce, shekarata 41. A lakwal da Faransanci aka koya mana karatu, a kasuwa Fulatanci muke yi, Hausa kuwa ta cikin gida ce. Karatun Hausar boko a littattafan soyayya na koye shi, waɗanda gwaggona take sayowa idan ta je sarin kaya Mubi ko Jimeta. Marubutan Kano malamaina ne ko da ba su san ni ba, shi ya sa nake ganin ina da bakin yi musu ƙorafi.

Baban yarana direban tirela ne. Yana ɗauko kaya daga Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, ya kai Kusiri, wani lokaci ya haye gada zuwa Njamaina. A 2017 birki ya ƙwace masa a gangaren dutsen nan da ke bayan Ngaundere, wanda duk direban hanyar ya san shi. Ya bar ni da yara uku. Na yi takaba wata huɗu da kwana goma kamar yadda aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ce. Duk wadda ta yi takaba ta san kwanakin farko ba su ne masu wuya ba, domin gida cike yake da 'yan gaisuwa. Wuyar tana zuwa ne bayan sadakar arba'in, ranar da aka naɗe tabarmi kowa ya koma harkarsa. A darare irin waɗannan ne ƙanwata ta riƙa turo mini littattafai ta WhatsApp, ina karantawa har a kira assalatu.

Na nemi kaina a cikinsu ban gani ba. Idan aka kashe mata a labari, don a buɗe wa Alhaji hanya ne. Shafi uku yana kuka, a na huɗu 'yarsa ƙarama ta maƙale wa wata budurwa 'yar shekara 18, malamar makarantarsu ko mai rainonta, shi ke nan an gama da marigayiya, ko sunanta ba a sake ambata. Idan kuma miji ne ya mutu, sai marubuciya ta fara mayar da shi azzalumi, mai duka, mai hana abinci, don mai karatu ya yafe wa matar idan ta sake aure. Wannan shi ne ya fi ci mini rai. Baban yarana ba azzalumi ba ne. Mutum ne da ba ya dawowa daga tafiya sai da ƙullin kilishi ko busasshen kifi, yana tsokanata cewa keken ɗinkina ya fi injin motarsa ƙara. Na so shi, har gobe ina son shi, kuma na sake aure ina son wanda na aura. Me ya sa littafi ba zai iya ɗaukar wannan ba, alhali zuciya ta ɗauka?

Addininmu ma ya riga marubutan nan gaba. Ummu Salama, Allah ya ƙara mata yarda, da mijinta Abu Salama ya rasu, tana ganin ba za ta sami wanda ya fi shi ba. Da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi aurenta, ta kawo uzuri uku: tana da kishi, ta manyanta, ga yara. Bai ce ta manta da mijinta ba, ya karɓe ta da 'ya'yanta. Shi kansa bayan rasuwar Nana Khadija yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da nama, yana yawan ambatonta har Nana A'isha ta yi kishin matar da ba ta taɓa zama da ita ba. Duk 'yar Islamiyya ta san wannan.

Shekara uku na yi ina zawarci. Dangin marigayi, Allah ya saka musu, ba su ƙwace mini yara ba, amma na san mata da yawa da aka ba su tumuninsu na gado aka ce su bar marayu su tafi. Wanda na aura yana sayar da yadi a babbar kasuwa, a wurinsa nake sayen kayan ɗinki. Matarsa ta rasu wajen haihuwa ta bar masa 'yan mata biyu. Ba a yi wani zance a mota ba, ba a yi kalaman da ake rubutawa ba. Yayarsa ce ta zo ta zauna a shagona ta ce, "Maman yara, ku biyun nan kowa na ɗauke da kaya, me zai hana ku haɗa?"

Abin da ya biyo baya shi ne littafin da nake son wani ya rubuta. Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, yana da shekara 14 a lokacin. Ya ji yara a layi suna ce masa agola, ya daina cin tuwon gidan, sai ya tafi wurin kakarsa ya ci. Na yi niyyar dukansa, maigidan ya hana, ya ce, "Ki bar shi, ubansa yake tsare wa wuri." Ita kuma babbar 'yarsa ta ɓoye tukunyar mahaifiyarta a ƙarƙashin gado don kada in yi girki da ita. Na gani, na yi kamar ban gani ba. Wata rana ya shigo ya tarar da ni riƙe da tsohuwar rigar sanyin marigayi ina hawaye. Na tsorata, na ɗauka zai ji haushi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce Allah ya jiƙansa, ya fita ya ja mini labule. Ban taɓa karanta namiji irin wannan a littafi ba, ga shi kuwa yana kwana a ɗakina.

Ba ni kaɗai ba ce. Ku je Mora, ku je Kolofata da Fotokol, ku ga matan da rikicin Boko Haram ya mayar zawarawa da ƙuruciyarsu, da waɗanda suka gudo daga Borno suke zaune a sansanin Minawao. Da yawansu suna sauraron littattafanku a waya idan an karanta. Ku rubuta musu mace mai shekara 38 da yara huɗu wadda ake nema da aure don ana sonta, ba don tausayi ba. Ku bar mijinta na fari ya kasance mutumin kirki.

Tukunyar nan, a azumin bara yarinyar ta fito da ita da kanta. Ta ajiye a gabana ta ce, "Inna, wannan ta fi riƙe zafin kunu." Muka dama kunun gyaɗa a ciki, muka kai masallaci sadaka ga mahaifiyarta da baban yarana. Ɗana kuwa har yau Malam yake ce wa maigidan, bai taɓa ce masa Baba ba. Amma ranar ƙaramar Salla na leƙa ta ƙofa na gan su sun nufi filin idi, shi ne riƙe da darduma biyu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga unguwar Yelwa, Garwa, Kamaru