Wasiƙa ga aminina a kan fitilar tsohuwar mota

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Na san shirun nawa ya yi tsawo, domin yau wata biyu ke nan da ka aiko mini da tambaya a kan irin ƙwan fitilar da ya kamata ka saya wa motarka, ban ce maka uffan ba. Ba mantawa na yi ba. Lokacin da saƙonka ya iso ni ma ina fama da wannan matsala a tawa motar, kuma ban so in ba ka shawarar da ban gwada da hannuna ba. Yanzu Allah ya sa na ga ƙarshenta, shi ya sa na zauna in rubuta maka dalla-dalla kafin ka zuba kuɗinka inda ba za su amfane ka ba.

Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne wani dare muna dawowa daga tafiya, uwargida tana gefena, yara sun yi barci a baya. Wata babbar mota ta lalace, rabinta a kan kwalta, ba fitila ba alama. Na sauke wuta zuwa dim saboda motocin da ke tahowa, don haka ban gan ta ba sai da bayanta ya cika mini gilashi. Na taka birki har tayoyi suka yi ƙara, muka tsaya tsakaninmu da ita bai fi tsawon mota ɗaya ba. Uwargida ba ta ce komai ba sai salati, ni kuwa na daɗe riƙe da sitiyari hannuna yana rawa. Da na natsu daga baya na yi lissafi, sai na ga motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato kafin ƙafa ta bar totur ta kai ga birki an riga an cinye wani babban kaso na hanyar da fitila take haskawa. Fitilata kuwa a daren nan ba ta wuce hasken aci-balbal ba.

Tunanina na farko irin naka ne, wato in sayi ƙwai mai ƙarfi in huta. Mai gyaran wutar motar da na je wurinsa shi ne ya tsayar da ni, ya ce mu fara aunawa tukuna. Ya tayar da injin, ya kunna fitila, ya ɗora mitar auna wuta a kan batir, ta nuna bolt 14.1, alamar altaneta tana caji yadda ya kamata. Sannan ya zagaya ya soka wayoyin mitar a bayan soket ɗin ƙwan yana kunne, sai ga 11.9. Fiye da bolt biyu sun salwanta a tsakanin batir da fitila. Za ka ce bolt biyu ba wani abu ba ne, amma ƙwan halojin, wato ƙwan mota na yau da kullum mai zare a ciki, ba ya rage haske daidai da yadda wuta ta ragu, raguwarsa ta fi haka tsanani ƙwarai. Idan wutar ta ragu da kashi 10 cikin ɗari, hasken yakan ragu da kusan kashi 30. A irin lambobin da muka gani, kusan rabin hasken da ƙwan zai iya bayarwa ba ya fitowa, kuma da na sayi sabon ƙwai mai tsada da shi ma wannan yunwar zai tarar.

Dalilin salwantar ba ɓoyayye ba ne. A yawancin tsofaffin motoci, wutar fitila takan bar batir ta shiga cikin mota, ta bi ta makunnin da ke jikin sitiyari, sannan ta dawo gaba ta siririyar waya. Kowane ƙwan H4, wato mai ɗauke da ful da dim a ƙwai ɗaya, mai wat 60 da 55, yana jan amfiya huɗu zuwa biyar, biyun kuma kusan goma, kuma duk wannan nauyi yana bi ta cikin makunnin da aka shafe shekara ashirin ana murɗawa, da mahaɗan da suka yi tsatsa. Da ya kwance wayar at, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota kusa da fitila, na ga bakinta ya yi kore kamar gansakuka, kuma notin da ke riƙe da ita da yatsa ya juya shi. Goge wannan wuri kaɗai da sanfefa da sake ɗaure shi ya dawo mana da kusan rabin bolt.

Sauran kuwa rile ne ya yi maganinsa, wato ƙaramin makunni da wuta ke kunnawa ba hannu ba. Ya jawo waya mai kauri kai tsaye daga batir, ya sa mata fiyus dab da kan batirin, ya kai ta ga rile guda biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful, daga nan zuwa ƙwayayen. Tsohon makunnin yanzu aikinsa kawai ya ba rile umarni da 'yar wuta kaɗan, nauyin kuma ya bi ta gajeriyar hanya. Da muka sake aunawa sai ga 13.8 a bakin ƙwai. Wallahi aminina, da dare ya yi na kunna ta a jikin katanga, na ɗauka an canza mini fitila ne gaba ɗaya, alhali tsofaffin ƙwayayen nan ne ba a taɓa su ba. Ina roƙonka kada ka yarda a yi maka wannan aiki ba tare da fiyus ba, domin waya mai kauri da ta fito daga batir in ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce. Ka kuma tabbata mai aikin ya duba yadda aka haɗa taka motar, saboda a wasu motocin makunnin ɓangaren at yake yankewa, kuma haɗin nasu daban ne. Ka sani kuma ƙwan da yake samun cikakkiyar wuta yakan riga mai yunwa mutuwa, don haka ka ajiye na ko-ta-kwana a cikin mota.

Bayan waya sai murfin fitilar. Nawa na roba ne, kuma rana ta cinye rufin da ke kare shi har ya koma rawaya ya dushe, yana watsa hasken maimakon ya bar shi ya miƙe. Wannan ni na yi shi da kaina wata safiya. Na liƙe gefen fentin da tef, na jiƙa sanfefa mai lamba 800 na goge a kwance, ruwan da ke gangarowa rawaya kamar na tsohon rini, sannan na bi da 1500 a tsaye, da 2000, da 3000, ina canza fuskar gugar kowane karo don in ga ko zanen na baya ya ɓace. A tsakiyar aikin murfin zai yi fari fat kamar ka lalata shi, kada ka tsorata, man gogewa ne zai fito da shi tas. Abin da mutane suke tsallakewa shi ne shafa masa sabon rufi mai kare hasken rana a ƙarshe, kuma in ba a yi haka ba, cikin 'yan watanni rawayar za ta dawo. Man goge baki da ƙaninka yake ta yabo yana ɗan sa sheƙi na kwana kaɗan, iyakarsa ke nan. Taka motar, in ban manta ba, murfinta gilashi ne na gaske, wanda ba ya rawaya, don haka kai madubin da ke cikin kwanon fitilar za ka leƙa. Idan ruwa ya taɓa shiga ya dusashe shi ko ya ɓare, babu ƙwan da zai cece shi sai an canza kwanon, kuma kada ka sa tsumma ka goge shi, rufinsa siriri ne ƙwarai, yana bin tsumman.

Ka tuna mutuminmu mai jar mota? Ya sa ƙwayayen LED masu farin haske a cikin tsohon kwanon halojin, yana ta murna wai dare ya zama rana. Na bi shi sau ɗaya, na ga duk motar da ta taho sai ta watsa masa ful, shi kuma yana mamakin abin da ya yi musu. An ƙera madubin fitila ne don ya tattara haske daga ɗan siririn zaren ƙwai da ke zaune a wani takamaiman wuri, to idan hasken ya fito daga wani wurin daban, sai ya warwatsu sama da gefe. Gaban motar dab da bamba zai yi fari ƙal, ido ya ruɗu ya ɗauka gani ya ƙaru, alhali can nesa inda ake bukata duhu ne, kuma mai tahowa da aka kashe wa ido a kanka zai iya faɗowa. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Haka ƙwayayen nan masu wat 100, suna narkar da soket su ƙona madubi, kuma a ƙasashe da yawa doka ba ta yarda a hau titi da su ba. Masu shuɗin fenti a jiki kuwa, fentin nan wani ɓangare na hasken yake tarewa don ya yi kama da fari, kuma a cikin ruwan sama ko hazo na fi ganin hanya da hasken halojin na asali mai ɗan rawaya.

Saura saiti, wanda ba ya cin ko kwabo amma kusan kowa ya yi watsi da shi. Ka sami fili mai shimfiɗe, ka tsayar da motar mita 10 daga katanga, iskar tayoyi daidai, but ɗin motar ba kaya masu nauyi. Ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka sa alama a katangar a daidai wannan tsayi, sannan ka kunna dim. Layin da ya raba haske da duhu ya kamata ya sauka kimanin santimita 10 ƙasa da alamar, wato kashi ɗaya cikin ɗari, kuma sau da yawa za ka ga an rubuta 1.0% ko 1.2% a jikin kwanon fitilar. Tawa ta hagu ƙasa take kallo, ta dama kuma rassan bishiya take haskawa, kuma da sukundireba kawai muka daidaita su cikin minti goma. Duk ranar da za ka canza ƙwai ka canza biyun tare, domin halojin yana dushewa a hankali kafin ya mutu, kuma kada ka taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya ɗauki zafi fiye da kima ya rage masa kwana.

Akwai kuma maganar da na san ba ka son ji. Tun zuwanka na ƙarshe na lura kana miƙa waya nesa da fuskarka kafin ka karanta saƙo, kana cewa rubutun ne ƙanana. Ni da kai shekarunmu ɗaya, kuma idon da ya manyanta ya fi bukatar haske da dare, ya kuma fi jinkirin dawowa daidai bayan fitilar wani ta dalle shi. Ka je a duba maka ido, girmanka ba zai ragu ba don ka sa tabarau. Ka kuma wanke gilashin gaba ta ciki, inda wani siririn maiƙo yake taruwa ba a lura ba sai fitilu sun bugo shi, ka rage hasken dashbod yadda ba zai yi gasa da hanya ba.

Maganar ƙwan da za ka saya mu jingine ta tukuna. Ka nemi mita a wannan makon, ka auna a kan batir da kuma bakin ƙwai, injin yana aiki fitila tana kunne, ka aiko mini da lambobin biyu da kuma lambar da ke rubuce a gindin ƙwan naka, ko H4 ne ko H7. Kafin nan, don Allah ka rage tafiyar daren nan da kake yi duk ƙarshen mako, in kuma ta zama dole, ka riƙe gudun da za ka iya tsayawa a cikin iyakar abin da fitilarka take nuna maka. Uwargida tana gaishe da maiɗakinka, yara kuma suna tambayar yaushe Baffansu zai zo. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau.

Naka har kullum,
Amininka