Kai da baffanka

Ɗana ya aiki, ya Kano? Mu nan lafiya lau, an gama yankan dawa.

Ƙanwarka ta ce wai ka rantse ba za ka zo Kirsimeti ba muddin baffanka na gidan nan, wai har Littafi Mai Tsarki ma ya ba ka gaskiya tunda Luka 17:3 cewa ta yi in ɗan'uwanka ya tuba ka yafe masa, shi kuma bai tuba ba. To ayar nan na san ta tun ba a haife ka ba. Gaskiya ne bai nemi gafara ba kan gonar fadama, a idona ya sa aka tuge adurukun iyaka. Amma Markus 11:25 fa? In ka tashi addu'a kana riƙe da wani ka yafe, ba a ce sai ya zo ya durƙusa ba. A kan gicciye waye ya roƙi Yesu gafara cikin masu buga masa ƙusa?

Sakin abin a zuciya naka ne, baya jiran kowa, komawa cin tuwo kwano ɗaya ne ke jiran tubansa. Yusufu ma sai da ya gwada yayyensa da ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu kafin ya bayyana musu kansa. Kuma ni ban ce ka bar maganar gona ba, Matta 18 ta ce ka same shi kai da shi, in ya ƙi ka je da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi a kai gaban ikilisiya. Wanne ka yi a ciki? Sai cika baki a waya.

Kana cewa na yi shiru lokacin, ku huɗu ne a hannuna babanku ba rai, da wa zan yi faɗa?

Ba gonar ce ke hana ni barci ba. An ce ka daina cin jibin Ubangiji, kullum kuma kana kan hanyar Gwarzo da mota, ka san yadda hanyar nan ke cin mutane, in ta Allah ta kasance kana riƙe da wannan abu me za ka ce da Matta 6:15? In ba ku yafe ba Ubanku ma ba zai yafe muku ba. Wannan nake tunawa zuciyata ta yi ta bugawa har asuba.

Ka zo don Allah, ko ba za ka shiga sashensa ba ka sauka ɗakina. Fasto ya ce zai zauna da ku biyun in ka yarda. Ka kira ran Lahadi bayan sujada a wayar ƙanwarka.

Mamarka