Shaidar ɗan ƙasa ta fara tun daga ranar suna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, wadda a yau sai da ita ake riƙe layin waya, ake buɗe asusun banki, ake yin fasfo, ake kuma zana jarrabawar shiga jami'a. Ni malamin sakandare ne a nan Kaduna, kuma abin da zan faɗa na gan shi da idona a gidanmu da kuma a aji.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta baro ƙauyensu a yankin Birnin Gwari bayan da zama ya gagara saboda 'yan bindiga. Ta iso gidanmu a Tudun Wada da ƙullin kayanta da jikoki uku, babu ko takarda guda a hannunta. Abin da ta dogara da shi kawai shi ne ɗan asusun da ta buɗe a banki shekarun baya, inda take ajiye kuɗin adashi da na awakin da ta sayar. Da aka ce sai an haɗa asusun da NIN, sai na ɗauke ta zuwa wani shago da ake yi wa mutane rajista. Sau tara tana ɗora babban yatsanta a kan na'urar, na'urar tana ƙi, domin shekaru da dama na surfe da daka da wanki sun goge zanen yatsun nata. Yaron da ke aikin ya ce ta goga yatsan a goshinta, ta goga. Ya ce ta wanke hannu ta dawo, ta wanke ta dawo. Da ƙyar aka samu wasu yatsun suka hau.

Sai aka zo kan suna da shekara. Sunanta na yanka Hauwa'u, shi ta faɗa, amma a banki an rubuta Jummai, domin ranar Juma'a aka haife ta kuma da wannan sunan duniya ta san ta. Da aka tambaye ta ranar haihuwa, ta ce iyayenta sun gaya mata an haife ta shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira. Wannan amsa ce ingantacciya ga wanda ya san tarihi, domin a 1973 aka yi canjin. Yaron bai sani ba, ya dube ta ya kintata, ya buga wata shekara dabam, ni kuma ban lura ba sai da takarda ta fito. Ma'aikacin banki ma a nasa lokacin kintata ya yi, ya sa 1 ga Janairu kamar yadda ake sa wa duk wanda bai san ranarsa ba. Yanzu kwamfuta tana ganin mata biyu, kuɗin kuma sun maƙale a tsakaninsu. An ce mu yi rantsuwa a kotu, mu buga sanarwa a jarida, mu biya kuɗin gyara, kuma idan aka haɗa duka da kuɗin Keke Napep na zuwa da dawowa, ya kusa cinye rabin abin da ke cikin asusun. A hanyarmu ta komawa gida ta ce mini, "Ɗan nan, ni da aka yanka mini rago gaban jama'a, yau kuma sai na rantse ni ce ni?"

Ba ina sukar tsarin ba ne daga tushe. Ƙasar da ba ta san mutanenta ba ba za ta iya raba musu taki ko magani ko tallafi bisa adalci ba, kuma mun ga amfanin irin wannan lamba a 2016, lokacin da aka yi amfani da lambar tantance masu asusun banki, wato BVN, aka cire ma'aikatan bogi fiye da dubu 23 daga jerin masu karɓar albashin gwamnatin tarayya. An kuma daɗe ana wannan fafutika. Manya za su tuna katin shaidar ɗan ƙasa da aka yi wa rajista a 2003, wanda ya ƙare cikin badaƙalar kwangila, kafin a kafa hukumar NIMC, mai ba da lambar NIN, da dokar 2007. Amma abin bai kankama ba sai a Disambar 2020, da aka ba da umarnin haɗa layukan waya da NIN, mutane suka yi ta cincirindo tun asuba a tsakiyar annobar korona. A Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layuka kiran waya, kuma zuwa ƙarshen 2023 waɗanda suka sami lambar sun haura miliyan 100. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai tsoro ne ya kai yawancin mutane layin, kuma abin da aka rubuta cikin gaggawa da turereniya dole ya cika da kurakurai.

Inda gizo ke saƙar shi ne mun ɗora rufi ba mu haƙa harsashi ba. Harsashin shaidar mutum ita ce rajistar haihuwarsa. Tun 1992 doka ta wajabta ta, ta ɗora aikin a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma kyauta ake yi wa jariri. Duk da haka, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna kashi 57 cikin ɗari ne kacal na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi musu rajista, kuma kowa ya san ragowar sun fi yawa a ƙauyuka da gidajen talakawa, inda ake haihuwa a ɗaki a hannun ungozoma. Duk yaron da aka tsallake yau, nan da shekara goma sha bakwai zai tsaya gaban wani mai kwamfuta a kintata masa shekaru.

Ina ganin haka kowace shekara tun da hukumar JAMB ta wajabta NIN a 2021. Ɗalibi ɗaya sai ka same shi Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta jarrabawar kammala sakandare, Muhammadu a NIN. Wani sunan mahaifinsa ne a ƙarshe a wannan takarda, sunan kakansa a waccan, sunan garinsu a ta uku, domin mu Hausawa ba mu gaji sunan dangi guda da ake bi daga kaka zuwa jika ba, fom ɗin kuwa an tsara shi ne a kan cewa kowa yana da shi. Na ga yarinya mai hazaƙa ta rasa shekara guda cur a kan harafi biyu. A nan dole in faɗa mana gaskiya mu iyaye: wani kuskuren mu muka shuka shi da hannunmu, da muke rage wa 'ya'yanmu shekaru saboda hangen aikin gwamnati ko na ɗamara, har yaro ya tashi da ranar haihuwa uku.

Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2021 kimanin mutum miliyan 850 a duniya ba su da wata shaida ta hukuma, akasarinsu a Afirka da kudancin Asiya, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa samar wa kowa shaida, har da rajistar haihuwa, cikin muradun da take son cimmawa kafin 2030. Indiya, wadda ta yi wa mutum fiye da biliyan ɗaya rajistar lambar shaidarta mai suna Aadhaar, ta ga tsofaffi da leburori suna komawa gida ba hatsin tallafi saboda na'ura ta ƙi yatsunsu, kuma a 2018 kotun ƙolin ƙasar, duk da ta amince da tsarin, ta soke tilasta haɗa shi da asusun banki da layin waya. A Kenya ma kotu ta taka wa tsarin lambar shaidar ƙasar, wato Huduma Namba, birki a 2021 saboda ba a tantance haɗarin da ke tattare da bayanan jama'a ba. Mu ma mun sami dokar kare bayanai a 2023, amma wanda ya leƙa shagunan da ake buga takardu a kasuwanninmu zai ga kwafin takardun NIN na mutane zube a kan tebur, da hoto da lamba, kowa na iya ɗauka.

Abin da nake kira a yi ba ya buƙatar sabuwar na'ura. A ƙasar Hausa babu jaririn da ake haifa a ɓoye. Ranar bakwai ake taruwa, liman ya raɗa suna, wanzami ya yi aski, a raba goro, unguwa duka ta shaida, kuma 'yan'uwanmu Kirista su ma suna kai jariransu coci a sa musu albarka. Me zai hana a ba kowane mai unguwa da dagaci littafin rajista, ko wayar da aka tanada don haka, a haɗa shi da jami'in hukumar ƙidaya na ƙaramar hukumarsa, ta yadda kafin a gama suyar naman suna an rubuta sunan yaro yadda iyayensa suka furta shi, da ainihin ranar da ya zo duniya? A zamanin En'e dagatai sun iya ƙirga kowane magidanci saboda haraji da kowace saniya saboda jangali. Masu rigakafin shan inna sun shiga kowane lungu suna rubutu da alli a ƙofar gida har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020. Hanyar isa ga mutane tana nan, kuma jiharmu mai ƙananan hukumomi 23 za ta iya fara gwadawa ba tare da jiran Abuja ba.

Su kuma manya irin Gwaggo da lokaci ya riga ya wuce musu, ina roƙon hukumomi su daina cajin talaka kuɗin gyara kuskuren da mai rajista ya yi, su karɓi shaidar mai unguwa ko hakimi a madadin rantsuwar kotu, musamman ga waɗanda rikici ya raba da gidajensu, kuma kada a rufe wa mutum asusu ko layi alhali takardarsa ta neman gyara tana kan tebur. Mu dai mun yi rantsuwar, mun biya, wata biyu ke nan muna jiran gyaran ya fito. Jikokinta uku kuwa, waɗanda babu ɗayansu mai takardar haihuwa, na zauna da ita mun lissafo watannin da aka haife su, daga azumi zuwa kaka, na rubuta a takarda, kuma ranar Litinin in Allah ya kai mu zan kai su a yi musu rajista.

Na gode da wannan dama.

Wani malamin makaranta,
Tudun Wada, Kaduna.