Godiya ta musamman ga masu rinin Ƙofar Mata, Kano

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na marinar Ƙofar Mata. Na ga ya dace in yi muku godiyar nan a bainar jama'a saboda abin da kuka yi min ya wuce ciniki wallahi.

Sana'ata ɗinka 'yan tsana, kuma aikin da na zo da shi shi ne in yi musu shigar mutanen Kano na wajajen 1850, wato kafin zuwan Turawa a 1903, don yaran makaranta su gani da idonsu. To matsalar ita ce kasuwa duk atamfa ce da leshi da shadda mai maiƙo, ka sa wa 'yar tsana wannan ka ce kakar kakarmu ce ai ka yi wa yara ƙarya. Mutanen lokacin saƙi suke sawa, audugar gida da mata suka kaɗa, sai tsamiya wato alharinin daji, sai alharini ja da ake kawowa ta sahara wanda sai masu hali.

Wani dattijo a cikinku, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ɗauki 'yar tsanar ya jujjuya ya ce 'yata kar ki sa mata saƙi mai kauri irin na gwado, zai tsaya mata ƙiƙam, ki nemi mai siririn ƙwarya irin na turkuɗin Kura, shi ne layinsa zai yi daidai da ɗan jikinta. Ni da na zo da ƙyallaye ko kamu ɗaya ba su kai ba amma haka ya tsoma su a ramin baba da toka, ya ɗaga su sha iska suna juyawa daga kore zuwa shuɗi, ya sake tsomawa har sai da suka yi baƙi-baƙi, sannan ya raka ni wajen masu bugu suka buge su da shuni har suna ɗaukar ido. Ya ma gargaɗe ni in sa farin ƙyalle a ciki don shuni na zuba, kar ya ɓata fuskar.

Ba wanda ya raina ƙanƙantar aikin, kuma kuɗin da kuka karɓa gaskiya bai kai wahalar ba. Duk mai irin wannan aiki dan Allah ya fara zuwa nan kafin ya shiga kasuwar Kantin Kwari.

Allah ya saka da alheri, ya raya muku zuri'a, ya kawo kasuwa mai albarka. Na gode Baba.