Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ke facin babbar hanyarmu

Ranka ya daɗe Manajan Darakta,

Bayan gaisuwa, na rubuto ne kan facin da ma'aikatanku suka yi wa babbar hanyar da nake bi da motar haya. Damina ɗaya ba ta ƙare ba, ramukan da aka cike sun sake buɗe baki, wasu har sun fi da faɗi.

A gabanmu aka yi aikin. Tifa ta kawo kwalta, aka kwashe ta da shebur aka watsa cikin rami da ruwansa da lakarsa, aka bar wa tayoyinmu aikin dannewa. Injiniyoyinku sun fi ni sanin ba haka ake faci ba. Ana yanke bakin ramin ne har a kai ga lafiyayyar kwalta, a share, a busar, a fesa ruwan kwalta domin sabuwa ta kama tsohuwa, sannan a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan rola tana bi. Kwaltar kan iso da zafin da ya kai wajen digiri 150, in kuma ta huce ƙasa da 80, ko rola ta wuni a kanta ba za ta dannu yadda ya kamata ba. Wadda muka gani ko tururi ba ta yi.

Babban abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Magudanai sun cika da yashi, kwalbatoci sun toshe, ƙasar gefen titi ta yi tudu, don haka ruwa kwanciya yake yi a kan kwalta. Ta 'yan ƙananan tsagu yake shiga ya jiƙa tsakuwa da jar ƙasar da ke ɗauke da titin. Da an bi tsagun nan da narkakkiyar kwalta tun suna sirara, da yawancin ramukan ba su samu ba. Inda kuwa titi ya tsattsage kamar bayan kada, ƙarƙashin ne ya lalace, sai an haƙe. In an shimfiɗa sabuwa a kai, tsagar za ta biyo ta fito sama.

Na san za a ce laifin tireloli ne masu lodin wuce ƙa'ida. Da gaskiya a ciki: gwajin da aka yi a jihar Illinois ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna idan aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya sau biyu, ɓarnar takan kai kusan ninki 16. To amma ai kun san irin motocin da ke bin hanyar tun kafin ku karɓi kwangilar.

Direba na kauce wa rami ya faɗa hannun wani, da dare kuma babu fenti babu alama a inda kuka yi aiki. Muna roƙon ku yashe magudanai, ku tone facin nan ku sake shi da kuɗinku, ku kuma sanar da jama'a ranar da za ku fara.

Naku,
Wani direba mai bin hanyar