Littafin Taswirar da Ka Aiko Ya Iso

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can? Mu nan Kano hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Inna tana gaishe ka, kullum sai ta tambayi ranar dawowarka.

Saƙonka ya iso ranar Talata, Allah ya saka da alheri. Bayan Isha'i takwaranka ya baje littafin a kan tabarma, ƙanwarsa ta ɗora haɓa a kafaɗarsa, suna ta gardamar wanda zai buɗe shafi. Ni ne tafinta, tunda da Turanci aka rubuta shi.

Shafin Tafkin Chadi ne ya tsayar da mu. Taswira biyu ce gefe da gefe. A ta farko, ta 1963, shuɗin ruwa ya mamaye kusan murabba'in kilomita 25,000, ya taɓa Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. A ta biyu, bayan farin 1973 da na 1984, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Yarinyar ta rufe shi da babban yatsanta, ta ɗago kai ta ce, "Baba, to kifin ina suka tafi?" Na yi shiru. Shekara nawa nake jin ana maganar sauyin yanayi a rediyo, amma ban taɓa jin abin ya taɓa ni kamar daren nan ba. Na tuna bandar Baga da mahaifinka yake saro wa a kwali-kwali, muna yara muna taya shi saukewa.

Sai dai akwai abin da ya dame ni. Sun zana kogin Shari da ke biyowa ta Njamena, kuma daidai ne, shi ke kawo mafi yawan ruwan tafkin. Amma namu ɓangaren ko suna ba su saka masa ba. Dole na ɗauko fensir na ja musu layi: ga kogin Kano da na Challawa sun haɗe kusa da Wudil, ga Haɗeja, ga fadamar Nguru, ga Gashuwa, ga Komadugu Yobe ya bi iyakar Nijar ta Diffa har ya faɗa tafkin. Na nuna musu inda madatsar Tiga ta tare ruwa tun 1974. Takwaranka ya zaro ido, wai ashe ruwan da ake noman rani da shi a Kadawa, da an bar shi, can ya nufa? Tun ranar yake ba abokansa labari a makarantar allo.

Na kuma ji daɗin shafin da ya bayyana cewa taswirar duniya da wani Bature mai suna Mercator ya zana a 1569 tana kumbura ƙasashen da ke can arewacin duniya, har Girinlan ta yi kamar ta kai Afirka girma, alhali Afirka ta ninka ta sau 14.

To ga abin da ya sa na rubuto. 'Ya'yan maƙwabta sun fara zuwa kallon littafin, amma in ba na gida, hotuna kawai suke gani. Kai ka karanci labarin ƙasa, ka iya zana taswira a kwamfuta; ni kuma alli da aji ne sana'ata. Me zai hana mu yi namu da Hausa? Ko shafi 20 ne. Mu faro daga ƙofar gida: ruwan Tiga, rairayin da ke cin gonaki a Yusufari, hanyar makiyaya, sannan mu fita duniya. Na riga na fara rubuta bayanin tafkin a littafin rubutu na. Idan ka amince, zan ɗauki hotonsa in turo maka ta WhatsApp ka duba.

Ina jiran amsarka. A shafa min kan yara, a gaida uwargida.

Naka har kullum,
Amininka